Ban Ruwa: Kwana Huɗu a Zaitawa

Yaya ce ta kira ni ranar wata Juma'a da daddare. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ka zo Kano. Ɗanka ya samu gurbi a Bayero, amma gidan ya ƙi daɗi." Na tambaye ta abin da aka ba shi. Ta ce abin da ya nema shi aka ba shi, wato mekanikal, karatun injiniyan injina, kuma a nan gizo ke saƙar. Kakarsa ta wajen uba, wadda kowa a gidan ke kira Hajiya, ta ce ba ta ga dalilin da zai sa jikan malamai ya share shekara biyar a jami'a don ya fito bakanike ba, alhali ga gareji nan a bakin titi, yara na koyon aikin ba a biya ko sisi ba. Uban yaron bai ce uffan ba, amma yana da shago a Kantin Kwari, kuma kowa ya san ya daɗe yana son mai taya shi zama.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Zariya, kuma a hannuna yaron ya fara son lissafi tun yana zuwa mana hutu. Muna cikin hutun tsakiyar zango, don haka ranar Lahadi da hantsi na shiga mota.

Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe gari. Daga Zariya har Kwanar Ɗangora ƙasa a bushe take, kara ne kawai tsaye a gonaki. Da muka ƙara gaba sai ido ya faɗa kan kore shar, kamar an canja wata. Ruwan madatsar Tiga ke nan, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana bin magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Inda magudana ba ta kai ba, ƙananan injinan ban ruwa ne ke ta ƙugi a bakin gonaki, kowane da dogon tiyo. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir sun cika gefen titi, a bayansu kuma ga wanda bai samu mai saye ba, an yanka an shanya a ƙasa, ƙura na sauka a kai. A Kura injinan casar shinkafa ne, a gadar Tamburawa kuma matatar ruwan da ke shayar da birni. Ban yi niyya ba, amma na samu kaina ina ƙirga injina tun daga nan, har lissafin ya ɓace mini kafin mu kai Na'ibawa.

Adaidaita sahu ta shigar da ni gari ta Ƙofar Nasarawa, ta ajiye ni inda lungu ya fi ƙarfinta, na ƙarasa da ƙafa. Zaitawa tsohuwar unguwa ce a cikin ganuwa, a ƙaramar hukumar Birni, kuma masu tarihi na danganta sunanta da Abdurrahman Zaiti, jagoran Wangarawan da littafin tarihin sarakunan Kano ya ce sun zo daga Mali da addinin Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin Hajiya ba. A gidan da alfaharinsa allo ne da tawada da gafakar littattafai, hannu mai baƙin mai ba shi ne abin da ake yi wa jika fata ba.

Bayan magariba na shiga gaishe ta. Na durƙusa a bakin tabarma.

"Hajiya, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya hanya? Ya ka baro iyalin? Na san abin da ya kawo ka. Ni ban hana shi karatu ba. Ya yi likita, ya yi alƙali, ya yi malanta irin taka. Amma a ce kuɗi da shekaru su tafi a kan kwanciya ƙarƙashin mota?"

Na ga in na buɗe baki a daren nan gardama za mu yi, kuma ba a gardama da uwa. Na roƙe ta ta ara mini yaron kwana uku mu zaga gari, in mun dawo shi da bakinsa zai faɗa mata abin da ya gani. Ta ce ta ba ni.

Da asuba, ana idar da salla, wata ƙara ta tashi a bayan katangar ɗakin da aka sauke ni. Injin markaɗen maƙwabta ne, amma ba ƙarar lafiya yake yi ba, akwai wani kuka siriri a ƙarƙashin rurinsa. Yaron ya ce, "Kawu, boris ne. Kusan duk wata sai ya canja, kuma fanbel ɗinsa ba ya daɗewa." Na ce ya riƙe wannan a ransa.

Da ƙafa muka tafi Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Muka ratsa 'yan turare da 'yan sirdi da masu kayan doki, inda linzami da likkafa ke rataye, har muka bi ƙarar masaba ta kai mu wata maƙera. Wani dattijo ne zaune gaban uwar maƙera, awartaki a hannun hagu, jikansa na hura masa wuta. Zuga-zugin fatar akuya na rataye a bango, ya huta. Abin da yaron ke juyawa wilin keke ne da aka ɗaura wa igiyar roba zuwa wata 'yar fanka a cikin gwangwani. Wili babba, bakin fanka ƙarami, don haka juyi ɗaya na hannu sai fanka ta yi juyi da yawa. Na ga ɗan Yaya ya tsura wa abin ido, leɓensa na motsi. Auna faɗin wilin yake yi da ido yana rabawa.

Muka yi sallama, muka ce, "Baba, sannu da aiki." Ya nuna mana benci. Gatari yake ƙerawa, kuma ƙarfen guntun sifirin ne na tsohuwar mota da ya saya a wajen 'yan gwangwan. Da ya gama fitar da baki, sai ya mayar da shi wuta, ya daina magana. Ƙarfen ya yi ja duhu, ya ƙara haske, ya kai wani ja da shi kaɗai ya san shi. Ya zaro, ya tsoma bakin cikin ruwa, tururi ya tashi. Ya fitar tun jikin gatarin da sauran zafi, ya goge bakin da dutse har ya yi fari, ya zauna yana kallo. Zafin da ya rage a baya ya riƙa gangarowa zuwa baki, launuka na bin sa, ruwan kara, sannan ruwan ƙasa, sannan shuɗi na tafe a baya. Kafin shuɗin ya iso baki ya sake tsoma shi gaba ɗaya.

"Wannan shi ne ban ruwa," in ji shi. "In ya sha da yawa, ranar farko zai ɓalle a jikin itace. In bai sha ba, zai lanƙwashe kamar gwangwani. Ƙarfe ba ya rufa wa maƙeri asiri."

Kalmar ta tsaya mini a rai, domin jiya na wuni ina kallon ban ruwan gona, yau ga ban ruwan ƙarfe. Abin da dattijon nan ya yi a 'yan mintuna darasi ne da ake shafe zango ana koyarwa a jami'a. Ƙarfen sifirin yana ɗauke da sinadarin kabon, ƙasa da kashi 1 cikin 100. Idan zafi ya haura digiri 727 a ma'aunin Salshiyas, tsarin ƙwayoyin da ke cikinsa yakan fara canjawa, kabon ɗin ya narke a ciki. In aka sanyaya shi farat ɗaya, kabon ba ya samun damar komawa mazauninsa, sai ƙarfen ya yi tauri ƙwarai amma ya zama mai saurin karyewa. Ɗan zafin nan na biyu, wanda launuka ke nunawa, shi ke rage taurin kaɗan ya ba shi juriya. Baba bai taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, idonsa ne ma'auni, kuma a wajen ubansa ya gada.

Yaron ya tambaye shi, cikin ladabi, in aka kawo masa ƙarfen da bai sani ba fa? Ya ce sai ya gwada, in na farko ya lalace ya gyara a na biyu. In kuma aka ce ya yi gatari dubu, duk iri ɗaya, cikin mako? Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan kuma aikinku ne, 'yan makaranta."

Ban taɓa jin an raba aikin biyu da kyau kamar haka ba. Abin da ke cikin idon Baba, in Allah ya karɓi ransa, sai abin da jikansa ya samu ya ɗauka. Injiniya shi ne wanda zai mayar da wannan sani lamba da zane: ƙarfe iri kaza, zafi kaza, minti kaza, kauri kaza, ta yadda wani a Maraɗi ko Sakkwato, wanda bai taɓa ganinsa ba, zai ƙera abu ɗaya sak, kuma a san nauyin da zai ɗauka tun kafin a ɗora masa.

Da la'asar muka hau Dutsen Dala. Labarin da Kanawa suka gada ya ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a nan ya zauna, kuma Abagayawa zuriyarsa ce. Masu tonon tarihi sun samu burbushin narkar da tama a gindin dutsen da ya kai ƙarni na 7. Ashe garin da ake taƙama da malamansa da fatakensa, da wutar maƙera aka fara hura shi.

Daga saman dutsen na nuna masa gabas, wajen tashar jirgin ƙasa, na ce a 1911 dogo ya iso Kano, shi ya haifar da dalar gyaɗa. A 1925 jiragen sama suka sauka a garin nan. A farkon shekarun 1930 aka jawo ruwan famfo daga Challawa aka kuma kunna lantarki. Duk waɗannan injina da injiniyoyinsu suka zo, Turawa. Ɗan ƙasa aka koya masa tuƙi, da zuba gawayi a tukunyar jirgi, da ɗaure noti, amma lissafin da ya haifi injin yana cikin kan wani. Ina ganin daga nan ne tunanin Hajiya ya samo asali, kuma ba laifinta ba ne: tsararta sun buɗe ido sun ga cewa duk Bahaushen da ke kusa da inji yaron wani ne. Sai da aka fara koyar da aikin injiniya a Zariya, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sannan 'ya'yan Arewa suka fara zama a kan teburin zane.

Ranar Talata muka fita ta Kabuga, muka bar tsohuwar jami'a a baya, muka ɗauki hanyar Gwarzo ta Rijiyar Zaki zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Makarantar ta fara ne a 1960 a matsayin kwaleji, ta ci sunan Sarki Abdullahi Bayero, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Wani tsohon ɗalibina da ke ajin ƙarshe a sashen mekanikal ne ya tarbe mu. Ya rusuna ya ce, "Malam, sannu da zuwa," ya kama hannun yaron kamar ƙanensa.

Bai ɓoye masa komai ba. Ya ce wanda ya zo da zaton zai wuni yana kwance injin mota zai sha mamaki, domin shekarar farko lissafi ne da fiziks da kemistiri, darussan da ya rubuta a jarabawar JAMB, sai dai sun ƙara nauyi. A shekara ta biyu ake shiga zanen injiniya da ɗakin aiki, a koyi gurza ƙarfe da fayil har hannu ya yi kanta, a koyi walda, da zuba narkakken ƙarfe a cikin yashi, da injin da ke juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Daga nan sai manyan darussan da ke tankaɗe ɗalibai: ilimin zafi da yadda yake zama ƙarfi, ilimin gudanar ruwa da iska, juriyar ƙarafa, da tsara sassan inji. A shekara ta huɗu ana fita wata shida zuwa masana'anta a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973. Ta biyar kuma kowa ya ƙera abinsa ya kare shi a gaban malamai. Ya ƙara da cewa shekara biyar ɗin a takarda ce, domin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

Yaron ya tambaye shi amfanin duk wannan lissafi. Ɗalibin nawa ya ce, "Ka taɓa ganin manomi ya sayi sabon injin ban ruwa, ya kafa a bakin rijiya mai zurfi, ya ƙi ja, ya ce an cuce shi?" Ya ɗauki takarda ya zana. Inji ba jawo ruwa yake yi ba, iskar cikin tiyo yake kwashewa, nauyin iskar sararin sama ya danno ruwan ya hau. Nauyin nan kuwa iyakarsa ya ɗaga ruwa wajen mita 10, a aikace ma da ƙyar a wuce 7 ko 8. Ko injin Jamus ne, haka abin yake. Magani shi ne a sauke injin kusa da ruwan, ko a sa famfon da ke nutsewa ciki ya tunkuɗo shi sama. Ya ce haka ma janareton da ke ƙofar kowane shago: a cikin man da aka zuba, abin da ke zama aiki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, saura zafi ne da hayaƙi. Wanda ya san dalili shi zai san inda za a rage asara.

Abin da shi yake ƙerawa na'urar busar da tumatir ce da zafin rana: akwati mai rufin gilashi da baƙin faranti a ciki, iska ta shiga ta ƙasa, ta yi zafi, ta ratsa tirorin tumatir ta fita ta sama da danshin. Ɗan Kura ne, ya tashi yana ganin shanyar da na gani a Kwanar Gafan. Na yi murna da abin, na kuma ji wani ɗaci, domin na san a jami'o'inmu da dama irin waɗannan na'urori, na ɓarar gyaɗa da sussukar dawa da casar shinkafa, da zarar an ba da maki sai a jingine su a bayan ɗakin aiki, damina ta yi ta dukansu.

A hanyar dawowa na sa mai adaidaita ya kai mu Ƙofar Ruwa. Nan ne kasuwar ƙarafa da kayan gyaran mota, kuma a kewayenta masu walda ne ke ƙera injin niƙa da ƙofofi da tankuna, da ido da gwaji, ba zane. Wani ya nuna mana injin da ya kwaikwaya daga na Indiya, yana aiki, amma ya ce sandar da ke juyawa a ciki takan karye, ya ƙara mata kauri ta sake karyewa a wuri ɗaya. A littafin ajin uku na jami'a akwai babin da ya yi bayanin wannan: ƙarfen da ke juyawa yana ɗauke da nauyi yakan gaji, kuma daga kaifin lungun da kauri ya canja tsagewa ke farawa, don haka sai a sassaƙa wurin da ɗan lanƙwasa maimakon kusurwa. Tsakanin mai wannan matsala da mai wannan babi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ce a adaidaita. Abin da ya fi damuna a tafiyar nan duka shi ne ƙarancin masu yin wannan 'yar tafiya. Ɗan jami'a na ganin ya wuce zama a kan benci da mai walda, mai walda na ganin ɗan jami'a ko sifana bai iya riƙewa ba. Ita kanta hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniya a ƙasar nan, ba masu digiri kaɗai take yi wa rajista ba, har da masu difloma da masu aikin hannu, don sana'ar ba ta tsayuwa da ƙafa ɗaya.

Laraba ta Sharaɗa ce. Wani abokin uban yaron injiniya ne mai kula da injina a wata masana'antar shinkafa, ya yarda ya zaga da mu. Kafin mu isa mun wuce ƙofofi da dama a garƙame, ciyawa ta fito a harabarsu. Bompai da Sharaɗa da Challawa sun taɓa cika da masaƙu da majemu da kamfanonin mai da alewa, har da na haɗa manyan motoci a hanyar Zariya. Tsadar kayan gyara bayan karyewar naira daga 1986, da rashin tsayayyar wuta, da kayan waje masu araha da suka cika kasuwa, su suka kashe da yawa daga ciki. Yadin da uban yaron ke sayarwa a Kwari ma, akasarinsa daga Sin yake zuwa.

A cikin masana'antar ba a jin magana sai an ɗaga murya. Injiniyan ya nuna mana tukunyar tururi da ake turara shinkafa da ita, wadda buntun shinkafar ne makamashinta. Ya ce ita yake fara dubawa kullum, domin tukunyar da aka yi sakaci da ma'auninta tana iya tashi da ginin da mutanen ciki. Ya ɗora tafin hannu a jikin wata mota mai juya injin, ya yi shiru kamar mai jin zazzaɓin yaro, ya ce da mataimakinsa a duba ta kafin Asabar. Aikinsa, in ji shi, shi ne kada inji ya tsaya, kuma a lokacin hazo matatun iska ke cinye masa rabin rana.

A ofishinsa yaron ya yi tambayar da na san ita ce a zuciyar ubansa: "Baba, in an gama akwai aiki?"

Ya ce gaskiya zai faɗa masa. A cikin waɗanda suka gama tare, wasu na kamfanonin siminti a Sakkwato da Ashaka da Obajana, wasu na harkar mai, daga matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 har zuwa ta Dangote a Legas, wadda aka ƙaddamar a 2023. Akwai wanda ya ƙaro horo a kwalejin jiragen sama ta Zariya yana gyaran jirgi, akwai na tashar lantarki ta Shiroro, akwai masu kula da na'urorin sanyaya ɗaki da injinan wuta a asibitoci, akwai malaman jami'a da na kwalejin fasaha, akwai waɗanda suka tafi Saudiyya da Ƙatar. Amma akwai kuma, kuma ba kaɗan ba, waɗanda suka gama bautar ƙasa suka shekara suna yawo da takardu, daga baya suka shiga banki ko kasuwa. Ya ce idan bututun gas na kilomita 614 da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano ya fara kawo gas, da dogon da ake ginawa zuwa Maraɗi, yana sa ran wasu ƙofofin da muka gani a rufe za su buɗe, sai dai bai ba shi shawarar ya zauna jiran wannan ba. Wanda ya fi kowa samu a ajinsu, in ji shi, shi ne wanda tun yana ɗalibi yake zuwa wajen masu walda a lokacin hutu. Yanzu yana da wurin kansa, yana ƙera injinan matsar man gyaɗa da kafa famfunan sola, da yara fiye da goma a ƙarƙashinsa. Kuma kalmar Injiniya da ake sa wa a gaban suna, ya ce, sai an yi shekaru huɗu ana aiki bayan digiri kafin COREN ta ba mutum ita.

Da muka koma Zaitawa rana ta yi sanyi. Yaron bai shiga gida ba, ya wuce wajen mai markaɗe. Ya gaishe shi, ya roƙi ya kashe injin na ɗan lokaci. Ya ciro zare daga aljihu, ya miƙa shi daga gefen wilin inji zuwa gefen wilin maniƙa. Zaren ya kwanta a jikin ɗaya, ya bar rata a jikin ɗayan, har yatsa na shiga. Wilin biyu ba sa kallon juna, fanbel na ja a karkace, kuma don kada ya zame sai mai injin ya riƙa ɗaure shi tamau, nauyin duka ya koma kan boris. Mutumin ya fi shi sanin injin nan nesa ba kusa ba, shi ya san notin da ya ci da wanda ke buƙatar dabara. Shi ya riƙe sifana, yaron na riƙe da zare yana cewa a matsa kaɗan, a dawo kaɗan, suka sa 'yan guntayen ƙarfe a ƙarƙashin ƙafar injin, suka sassauta fanbel. Magariba ce ta tashe su.

Bayan isha'i muka shiga wajen Hajiya, Yaya na zaune daga bakin ƙofa, uban yaron na tsaye a waje yana ji. Yaron ya ba da labarin maƙera da Dala da famfon da ba ya ja fiye da ƙa'ida, bai ɓoye maganar ƙofofin da ke rufe da masu yawo da takardu ba. Ni abu ɗaya kawai na ƙara. Na ce mata akwai wani malami Musulmi, Isma'il al-Jazari, da ya yi wa sarakunan Diyarbakir hidima a ƙasar da take Turkiyya a yau. A 1206 ya kammala littafi da Larabci a kan na'urori, da zanensu da yadda ake ƙera su, akwai agogon ruwa, da injinan ɗaga ruwa daga kogi zuwa gona, har da na'urar da ke zuba wa mutum ruwan alwala. Ana karanta shi har gobe a jami'o'in duniya.

Ta yi shiru. Sannan ta ce, "Da tawada ya rubuta?"

Na ce da tawada, Hajiya.

Ta dubi hannun jikanta, baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba. Ta tambaye shi ko maƙerin nan dattijo ne. Ya ce ya yi sa'ar marigayi Malam, kakansa. Ta ce to ba a ɗaukar ilimin dattijo a tafi haka nan, gobe ya saya goro ya kai masa, kuma duk hutu ya riƙa zuwa gaishe shi. Uban ya yi gyaran murya daga waje ya ce ranar Asabar dai yana son ganinsa a shago. Hajiya ta ce wannan tsakaninsu ne, ta ɗaga hannu, muka shafa.

Da asubar Alhamis ina haɗa jakata injin markaɗe ya tashi a bayan katanga. Na tsaya na kasa kunne. Ruri ne kawai, siririn kukan nan babu shi. Yaron ya ɗaukar mini jaka har bakin titi, ƙunshin goro a ɗaya hannun, ya tsayar mini da adaidaita mai zuwa Na'ibawa, shi kuma ya juya ya nufi Kurmi.